Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga 'Yan Takarar Mazaɓar Isa da Sabon Birni



Daga Alkalawa nake rubuto muku, kafin gangar zaɓen 2027 ta yi zafi.

A zaɓen Fabrairun 2023, abin da ya fi isowa ƙauyukanmu shi ne yarfe. Sojojin baka a rediyo, muryoyi a WhatsApp, wane ɗan leƙen asirin 'yan bindiga ne, wane ya ci amana. Irin wannan ƙazafi a ƙasar da aka ƙona matafiya cikin mota a Disambar 2021, aka kuma kashe Sarkin Gobir na Gatawa a hannun masu garkuwa a 2024, yana iya jawo asarar rai. A lokacin wancan zaɓe, Sashe na 92 na Dokar Zaɓe ta 2022 ya haramta kamfe da kalaman zagi.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da zagin ya danne. Tsohuwa ta karɓi takardun ƙuri'a uku, na shugaban ƙasa, sanata da ɗan majalisar wakilai, tana jujjuya su, ta haddace laifin kowa amma ba wanda ya gaya mata aikin kowace kujera. Ɗan majalisa ba ya ba soja umarni. Doka yake yi, ya duba kasafin kuɗi, ya sa ido kan yadda ake kashe shi.

Don Allah ku zo kasuwar Sabon Birni ku faɗa mana: me za ku yi kan harajin da 'yan bindiga ke ɗora wa manoma? Yaya 'yan'uwanmu da ke gudun hijira a jihar Maraɗi za su dawo gida su yi zaɓe?

Naku,
Wani Bagobiri