Mai Tambaya Ma Yana da Nasa Alhaki

Masu sana'ar binciken kasuwa suna da wata hujja da suke fakewa da ita: wai su tambaya kawai suke yi, su ƙidaya amsoshi, su miƙa wa wanda ya biya su, abin da zai aikata da sakamakon kuwa ba ruwansu. Wannan hujja ba ta da tushe, kuma tarihin taba sigari a Amurka ya isa shaida.

A 1981, wani rahoton cikin gida na kamfanin Philip Morris ya bi diddigin shan taba tsakanin matasa, ya bayyana cewa matashin yau shi ne mai sayen gobe. Takardun kamfanin R.J. Reynolds na shekarun 1970 sun nuna irin wannan kwaɗayi ga masu shekara 14 zuwa 24. Waɗannan kamfanoni sun san icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A 1988 R.J. Reynolds ya cika Amurka da tallar Joe Camel, zanen wani raƙumi ɗan gaye. A 1991 mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga binciken da ya nuna cewa wajen tara cikin goma na yara masu shekara 6 da aka gwada sun danganta raƙumin da sigari. Sai a 1997 aka janye shi. A Nuwamba 1998 manyan kamfanonin taba suka amince su biya jihohi 46 kimanin dalar Amurka miliyar 206 cikin shekara 25.

Wa ya tattara alƙaluman? Wa ya rubuta rahoton? Ƙwararru ne masu ilimi, waɗanda suka san illar hajar sarai. Abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Za a ce ai likita ma yana ƙidayar matasa masu shan taba. Gaskiya ne, amma shi yana ƙidaya ne don ya rage su, ɗan kasuwar kuwa don ya ƙara su. Manufa ce ta raba su.

Saboda haka, wajibi ne mai bincike ya bayyana wanda ya aiko shi da abin da za a yi da amsoshin, ya nemi yardar iyaye kafin ya tunkari yaro, ya kuma ƙi aikin da ya san ƙarshensa cuta ne. Malamin da aka kawo wa takardar tambayoyi a ajinsa, haƙƙinsa ne ya nemi wannan bayani kafin ya buɗe ƙofa.