Da Bakin Wa Kuka Yafe?

Dattawan Gesheme da Lido da Fadama, da duk mai faɗa a ji a ƙasar Arewa, ku gafarce ni, yau maganata mai ɗaci ce. Akwai ɗabi'ar da kuka sa wa rigar ibada, alhali zalunci ce tsantsa.

Mota ta kaɗe magidanci a hanyar kasuwa, ko kamyo ya bi ta kan ɗan kabu-kabu tsakanin Kore Mairuwa da Dogon Dutsi. Kafin sadakar uku mai mota ya iso da ƴan rakiya, da goro da buhun hatsi da ƴan jikkuna. Baffan mamaci ya gyara zama ya ce: "Ƙaddara ce, kwanansa ya ƙare, mun yafe." A shafa fatiha a watse. Mai takaba tana ɗaki, ba wanda ya tambaye ta. Marayu suna tsakar gida, ba su san an yi kyauta da cinsu da karatunsu ba.

Da bakin wa kuka yafe? In addini kuke kafa hujja da shi, aya ta 92 a Suratun Nisa'i ta wajabta diyya a kisan kuskure, ta ce iyalan mamaci ake miƙa wa, su ne kuma masu ikon barin ta sadaka. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, diyya gado ce, ana raba ta kamar sauran dukiya. Baffa ba ya da ko dala a ciki matuƙar mamaci ya bar ɗa namiji. Baligi na iya yafe rabonsa, amma rabon yaro amana ce a hannun waliyyi. Yarda da ƙaddara wajibi ce, kuma Wanda ya hukunta ajalin Shi ya hukunta diyyar.

Ku duba kuma wanda ya ci ribar wannan kirkin naku. Nijar tana cikin ƙasashen da suka sa hannu kan yarjejeniyar CIMA a Yawunde a 1992, dokarta ta inshora ta fara aiki a 1995. Dokar ta tilasta wa duk mai abin hawa mai inji ya yanki asirans saboda ɓarnar da zai iya yi wa wani. In hatsari ya faru, kamfanin ne zai biya kuɗin magani, da kwanakin da mutum ya yi bai iya nema ba, da naƙasar da ta rage masa. In an rasa rai, akwai kuɗin jana'iza da rabon mata da ƴaƴa da iyaye. Mai tafiya a ƙasa ko fasinja, ba a hana shi diyyar rauninsa don an ce shi ya yi sakaci, sai fa in da gangan ya jefa kansa. Ke nan in motar tana da asirans, direban da kuke tausaya wa ba daga aljihunsa za a biya ba. Kun yi wa kamfani a Yamai sadaka da haƙƙin maraya, kamfanin da tuni ya karɓi kuɗinsa.

Na san abin da ke hana ku: tsoron jandarma, nisan Doso, da gudun a ce kun ci kuɗin jini. Amma wannan kunyar ba ta hana ku ganin mai takaba ta jinginar da gona bayan shekara guda, ba ta hana ku ganin an cire yaro daga lakkwal an tura shi ci-rani.

Ku kuma masu jinya, ba ku tsira ba. A janye mota kafin jandarma su zo su yi konsta, wato su rubuta yadda hatsarin ya faru, a wuce da mai karaya wurin mai ɗori ba tare da likita ya duba shi ba, sannan a dawo ana neman haƙƙi da fatar baki. Mai ɗori ba ya rubuta takarda, kamfani kuwa takarda yake sani.

Abin yi a fili yake. A bar konsta ta tabbata, a riƙe lambar mota da sunan kamfanin asirans. A karɓi takardar likita, a adana kowane rasit na magani. In mutuwa ce, a nemi takardar mutuwa da ta magada da takardun haihuwar yara. Kada a dangwala hannu kan takardar da ba a karanta muku ba, kada a bar ɗan kamasho ya karɓa a madadinku. In motar ba ta da asirans, mai ita ake kai wa gaban alƙali. Doka ta ba da shekara 5 daga ranar hatsari, bayan nan ƙofa ta rufe.

Baba, in zuciyarka ta yafe wa direba, Allah Ya ba ka lada. Ka karɓi gaisuwarsa, ka sallame shi da mutunci. Amma ka tashi ka raka mai takabar jandarmari, domin ranar hisabi marayun nan kai za su fara tambaya.