Ɗaurin Rai-da-rai Aka Ce, Ba Kisan Mummuƙe Ba

'Yan'uwana marubuta, mun cika kasuwa da littattafan soyayya, amma alƙalaminmu ya ƙi leƙa bayan katangar gidan yari. Na san abin da wani zai ce. Mutumin Zurmi ko Shinkafi ko Ƙaura Namoda da 'yan bindiga suka kashe wa uba, in ka yi masa zancen lafiyar fursuna, cewa zai yi a bar su su ruɓe. Ban ga laifin zafin zuciyarsa ba, amma ban yarda da hukuncinsa ba.

Alƙalin da ya yanke wa mutum ɗaurin rai-da-rai, 'yancinsa ya karɓe. Bai rubuta masa tarin fuka ko ƙazuwa ko yunwa ba. Duk wanda ya mutu a kurkuku don rashin magani, an zartar masa da hukuncin da babu kotun da ta yanke. Kuma kusan kashi 2 cikin 3 na mazauna gidajen yarin Nijeriya masu jiran shari'a ne, ba a ma tabbatar musu da laifi ba. To, shin cuta tana duba takardar kotu kafin ta kama mutum?

Kada wani ya ɗauka talaka kaɗai abin ke ci. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa, ɗan Katsina, shi ne na biyu a mulkin ƙasar nan daga 1976 zuwa 1979. Kotun soja ta yanke masa kisa a 1995, aka sassauta zuwa ɗauri, amma ranar 8 ga Disamba 1997 gawarsa ce ta zama labari, yana fursunan gidan yarin Abakaliki. In ba a tsare ran Janar ba, wa zai tsare na ɗan manomin da ba a san sunan ƙauyensu ba?

A Disambar 2023 shugaban hukumar gidajen yari na lokacin, Haliru Nababa, ya shaida wa Majalisar Dattawa cewa abincin fursuna Naira 750 ne a rana, na karen hukumar kuwa 800. A 2024 aka ɗaga na fursuna zuwa 1,125. Wanda ya san kuɗin kwanon gero ya san gabzar da wannan za ta dafa.

Doka ba ta yi shiru ba. Ƙa'idojin Mandela na Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2015, sun ɗora wa gwamnati nauyin jinyar fursuna kyauta, daidai da ta mutanen gari. Gyaran tsarin mulki na 2023 kuma ya bai wa jihohi ikon kafa gidajen yarinsu, saboda haka Gusau ba ta da sauran fakewa da Abuja.

Mu kuwa aikinmu a bayyane yake. Mu nemi izini mu shiga, mu tambaya likita nawa ne, yaushe magani ya zo, wa ya mutu kuma me ya kashe shi, sannan mu rubuta. Mai laifi ya sha hukuncinsa cif, amma kada a ƙara masa da wanda Allah da alƙali ba su ɗora masa ba.