Agogon miliyoyi da zobensa ke zamewa

Akwai wata gardama tsakanin masu sayen agogunan nutso masu tsada wadda ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani zai koka cewa zoben da ke kewaye da fuskar agogonsa yana gusawa shi kaɗai, da zarar hannun riga ya goge shi ko ya bugi ƙofar mota. Sai a ce masa: to, mene ne a ciki, kai da ko rijiya ba ka taɓa shiga ba? Ni dai ina bayan mai kukan, kuma ga dalilaina.

Wannan zobe ba don kwalliya aka ƙirƙiro shi ba. Mai nutso a teku yana goye da iskar da zai shaƙa, kuma iskar tana da iyaka. Kafin ya shiga ruwa, yakan juya zoben har alamar sifili ta daidaita da hannun minti. Daga nan, duk inda hannun ya kai, lambar da ke kan zoben ita ce mintocin da ya yi a ƙasa. A ce ya yi minti 20, sai zoben ya bugi dutse ya matsa gaba da minti 5: agogo zai nuna masa 15. Zai ɗauka yana da sauran lokaci, alhali iska na ƙarewa, jikinsa kuma na ƙara shan iskar nitirojin, wadda kan yi kumfa a jini idan aka taso da gaggawa. In kuwa baya zoben ya matsa, 25 zai gani, ya fito da wuri. Kuskuren farko na iya kisa, na biyun ɗan lokaci kawai ya rage masa.

Maƙeran Suwis sun daɗe da gane haka. A 1953 kamfanin Blancpain, ƙarƙashin Jean-Jacques Fiechter wanda shi kansa mai nutso ne, ya fito da Fifty Fathoms, agogon da sojojin nutso na rundunar ruwan Faransa suka yi aiki da shi. Zobensa ba ya juyawa sai an danna shi. Omega ta sa wa samfurin Ploprof maɓalli na musamman, sai ka latsa shi zoben ke motsi. Submariner na Rolex ya shekara fiye da ashirin zobensa na juyawa dama da hagu, sai wajajen 1980 aka mai da shi mai bin hanya ɗaya, wato akasin tafiyar hannun agogo. Ƙa'idar duniya ta ISO 6425 ma ta tanadi cewa agogon nutso ya jure zurfin mita 100 aƙalla, kuma a kare ma'aunin lokacinsa daga juyawar da ba a nufa ba.

Masu cewa ba komai suna da hujja guda mai ƙarfi: tun shekarun 1980 masu nutso suka fara komawa ga ƴar kwamfutar da ake ɗaurawa a hannu, agogon ya zama ado. Gaskiya ne. Amma idan ado ne kawai, me ya sa ake rubuta mita 300 a fuskarsa? Submariner sabo ya haura sefa miliyan 5, kuma abin da ake sayarwa da wannan kuɗi alkawari ne cewa kayan zai yi aikinsa a wuri mafi wuya. Kyan alkawari cikawa. Ko zobe mai hanya ɗaya, in yana gusawa da ɗan gogar riga, ƙarya yake faɗa, ko da ƙaryar ta faɗi ta gefen tsira. Galibi laifin na wani siririn ƙarfe ne da ke ƙarƙashin zoben yana kama haƙoransa. Yakan saki, ko yashi da gishiri su ci shi. Gyara ne mai sauƙi, kuma in agogon sabo ne, haƙƙin mai saye ne a yi masa shi ba tare da an raina kukansa ba.

Mu nan Nijar ba mu da teku, kuma yawancin masu irin wannan siffa da ake gani a kasuwannin Maraɗi da Damagaram kwaikwayo ne. Duk da haka akwai abin ɗauka. Wanda ya ƙera zoben bai ce mai nutso ba zai taɓa bugun dutse ba. Ya san zai buga, sai ya tsara abin yadda in kuskure ya auku zai faɗa inda ɓarna ta fi ƙanƙanta. Wannan tunani ne ya kamata mu malamai mu dasa a kan ɗalibai, ko gini za su yi gobe, ko haɗa wayar lantarki, ko auna wa yaro magani.