Amarya Ma Tana Bukatar Shan Iska

Kwanan baya wani tsohon ɗalibina, wanda yanzu yake koyarwa a Gusau, ya same ni da wata damuwa. Watansa tara ke nan da auren wata yarinya 'yar Magami, amma ya ce ya rasa gane kanta. Ya ce, "Malam, lokacin da nake zuwa zance, in na kai mata rake da ƙuli-ƙuli sai ta yi ta godiya har kunya ta kama ni. Yanzu kuwa da zarar Asabar ta zo sai ta ce in fita da ita a ci kaza, a sha sanyi, a ɗauki hoto. Tuwon dawar da ta tashi da shi ma wai yanzu ya yi mata nauyi."

Na tambaye shi wa ya fara fita da ita. Ya sunkuyar da kai ya ce shi ne, don a watanni ukun farko babu Asabar ɗin da ba su fita ba. Na ce to yanzu ina yake yini ran Asabar? Ya ce majalisa, da dare kuma gidan kallon ƙwallo. Sai na ce masa, "Ashe fitar ba a daina ta ba, ita ce dai aka daina fita da ita."

Na kawo wannan labari ne domin na san ba shi kaɗai ba ne. Matasan ma'aikata da yawa a Gusau da Tsafe da Bunguɗu suna cikin irin wannan hali, kuma ɗalibanmu na manyan makarantu, maza da mata, nan da 'yan shekaru za su tarar da shi yana jiransu. Wasu za su ce maganar yawon ƙarshen mako ba ta kai a ɓata mata shafin jarida ba. Ni kuwa ina ganin ta kai, domin yawancin auren da ke mutuwa tun lalle bai gama fita ba, ba wani babban laifi ke kashe shi ba, ƙananan ɓacin rai ne da ake tarawa har su yi tsibi.

Da farko ya kamata mu tuna cewa shi kansa wannan abu da ake kira ƙarshen mako baƙo ne a wurinmu. Manomin Magami ba ya lissafi da Asabar da Lahadi. Makonsa yana juyawa ne a kan Jumma'a da ranar kasuwa, shekararsa kuma a kan damina da kaka da rani. Aikin albashi ne ya kawo mana hutun mako. Tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, garin ya cika da ma'aikatan reluwe da akawunan kamfanonin gyaɗa da auduga, daga baya kuma aka sami masaƙa. Da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, sai ga babura da rediyo mai kaset a gidajen da a da keke ma sai an yi aro. Amma duk da haka shaƙatawar ta namiji ce. Shi ke zuwa silima kallon Indiya, shi ke zuwa kallon dambe da kokawa. Matar aure mai mutunci ba a ganinta a bakin silima, kuma babu wanda ya ga aibin haka.

Dalilin da ya sa ba a ga aibinsa ba shi ne amaryar wancan zamani ba ta zaman kaɗaici. Babban gida ake kai ta, ga uwar miji, ga faccaloli, ga ƙannen miji suna ta kai da kawowa. Da safe a yi surfe da daka tare, da rana a yi kitso da ƙunshi, da dare a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a yi ta hira. Ko da ta shekara ba ta taka ƙofar gida ba, ba ta rasa abokin magana ba. In ciki ya tsufa a mai da ita gidan iyayenta goyon ciki, in ta yi arba'in ta fita yawon arba'in ta zaga dangi. Watau al'ada ta tsare mace a gida, amma kuma ta tanadar mata jama'a a cikin gidan.

To, yau fa? Yau malamin makaranta ko akawun ma'aikata yana kama ciki da falo ne a Tudun Wada ko Samaru ko Damba, cikin maƙwabtan da bai san asalinsu ba. Ya ɗauko yarinyar da ta tashi cikin gida mai mutum ashirin ya ajiye ta tsakanin bango huɗu, ya fita tun da hantsi, ba zai dawo ba sai la'asar, in ya ci abinci kuma ya sake ficewa. Babu mai yi mata magana sai wayar hannu. Mun ɗauki kullen iyayenmu mun riƙe, amma mun yar da taron da ke sa kullen ya yi sauƙi. Saboda haka in irin wannan amarya ta ce a fita da ita ran Asabar, sau da yawa ba kazar take nema ba, neman ganin mutane take yi, da kuma samun awa biyu da mijinta zai zama nata ita kaɗai.

Game da sauyin abin da rai ke so kuwa, ban ga abin mamaki ba. Tun da wayar salula ta shigo ƙasar nan a 2001, daga baya kuma aka sami mai ɗaukar hoto da nuna fim, yarinyar ƙauye tana ganin abin da ake ci da wanda ake sawa a Kano da Abuja har da Dubai. Shi ma angon ai ba a nan ya tsaya ba. Wanda ya tashi da koko da ƙosai yanzu sai shayi da burodi da ƙwai, kuma bai taɓa jin wani ya ce ya lalace ba. Har ila yau marmari abu ne mai juyawa. Na sha ganin amaryar da ta raina tuwo a watan farko, da laulayi ya zo sai ga ta tana aike ƙauye a kawo mata hoce da kwaɗon zogale da nono mai kyau. Miji mai hankali ba ya tayar da jijiyar wuya a kan abin da lokaci zai gyara da kansa.

Akwai dattawan da ke cewa fita da iyali ɗabi'ar Nasara ce. Ina girmama su, amma ina roƙon su sake dubawa. Ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha a kan hanyar tafiya, ta tsere masa, bayan shekaru kuma suka sake shi ya tsere mata. Ya tabbata ya tsaya ya kare ta tana kallon wasan Habashawa a masallaci har sai da ita ta gaji don kanta. In zai yi tafiya kuma yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa ya tafi da wadda ta faɗo a kanta. Ashe faranta wa iyali rai ba daga Ingila aka kawo mana shi ba. Abin da ake ƙi shi ne fita babu sutura da shiga wurin da bai dace ba, kuma wannan haramun ne ga mijin kamar yadda yake ga matar.

Sai dai fa ba zan ɗora laifin duka a kan maza ba. Akwai amaren da ba fitar ce ta dame su ba, hoton ne. Ƙawarta ta sa hoto a waya tana wani ɗakin cin abinci, ita ma dole sai ta mai da martani, ko da kuwa mijin ƙawar ɗan kwangila ne nata kuma malamin firamare. Wannan gasa ce, kuma kwaɗayi mabuɗin wahala. Kowa ya san abin da ya faru tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023: litar da ba ta kai Naira 200 ba ta haura Naira 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 kuma ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Dokar da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 ta tsai da mafi ƙarancin albashi a Naira 70,000. Duk wanda ya san kuɗin haya da na buhun masara ya san irin wannan albashi ba ya ɗaukar gasasshiyar kaza kowace Asabar. Ango da yawa bai gama biyan bashin lefe ba yake ƙara cin wani don kada amarya ta raina shi. In wata ya yi nisa, aljihu ya bushe, sai fushi, sai baƙar magana, sai yaji. Daidai ruwa daidai tsaki. Fitar da aka yi da bashi ba shan iska ba ce, sayen rigima ne da kuɗin gobe.

Laifin angon shi ne fara abin da ya san ba zai iya riƙewa ba, sa'an nan ya yanke shi dare ɗaya ba tare da bayani ba. Da yawa daga cikinmu muna jin nauyin gaya wa matanmu nawa muke ɗauka a wata, kamar wani asiri ne na gwamnati. To, wadda ba ta san zurfin rijiya ba yaya za ta san tsawon igiyar da za ta nema? In ya zaunar da ita ya ce ga abin da ke shigowa, ga haya, ga cefane, ga abin da za a aika wa iyaye, ga ɗan abin da ya rage, na tabbata mafi yawan mata za su yarda a fita sau ɗaya a wata, sauran makonni kuma a tafi gaida 'yan'uwa, ko a sayo tsire a zo gida a ci tare, waya tana ajiye.

Yanzu bari in zo ga abin da ya fi ci mini rai. Da na ƙara bincikar ɗalibin nan nawa, sai na gane cewa tun da aka kawo yarinyar nan sau ɗaya tak ta je ganin gida. Magami tana kudu da Gusau ne a kan hanyar Ɗansadau, cikin Ƙaramar Hukumar Gusau ɗin kanta, amma shekara da shekaru 'yan bindiga sun sha tare wannan hanya, har matafiya sun sha jiran rakiyar sojoji kafin su bi ta. Hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ita ma ta sha nata rabon. A watan Satumba 2021, da gwamnati ta katse layukan waya a jihar ta kuma rufe kasuwannin mako, mata da yawa sun yi makonni ba su ji muryar iyayensu ba. A watan Satumba 2023 kuma aka shiga Sabon Gida aka kwashi ɗalibai mata na Jami'ar Tarayya ta Gusau. Dutsen Kwatarkwashi da ke ƙasar Bunguɗu, wanda baƙi ke tsayawa kallo, yanzu wane magidanci ne zai ɗauki iyalinsa ya kai gindinsa da yamma hankali kwance?

Ke nan yawon da ya fi kowane arha, ya kuma fi kowane lada, watau a ɗauki amarya a kai ta ta yini da mahaifiyarta ta dawo da ƙullin daddawa da kuka, shi ne ya zama mafi hatsari. Zumunta a ƙafa take, amma an ɗaure ƙafar. Yarinyar da aka raba da tsakar gidansu, aka kuma toshe mata hanyar komawa, ba abin zargi ba ce in ta matsa a fita da ita cikin gari.

Saboda haka ina da kira ga hukuma. Tsaron hanyar Magami ba maganar fito da amfanin gona kaɗai ba ce, maganar zaman aure ce da zumunci. Na biyu, tun da aka ƙaddamar da Shari'a a Gusau ran 27 ga Oktoba 1999 an rufe mashaya da gidajen caca, kuma jama'a sun yi na'am da haka. Amma rufe ƙofar banza rabin aiki ne, sauran rabin shi ne buɗe ta kirki. Me zai hana gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi su ware filaye cikin gari, a katange su, a dasa itatuwa, a sa fitilu da masu gadi da wurin salla da lilon yara, a sa kuɗin shiga kaɗan, ya zama magidanci mai ƙaramin albashi yana da inda zai kai iyalinsa ba tare da ya ci bashi ko ya ji kunyar surukinsa ba? Gwamnatocinmu sun san darajar ɗaura aure, shi ya sa Jihar Kano ta aurar da mutum 1,800 da matansu a watan Oktoba 2023. Abin da ya rage shi ne a kula da abin da ke raya auren bayan an watse daga walima. Malamanmu su ma su riƙa tuna wa maza a wa'azi cewa hakkin mace bai ƙare a kan ci da sha da tufafi ba.

Ku kuma ɗalibai, maza ku rage cika baki a wurin zance, domin alkawarin da aka yi a zaure za a neme shi a ɗaki. 'Yammata ku sani hoton da kuke gani a waya ba ya nuna bashin da ke bayansa.

Shi dai ɗalibin nan nawa na ba shi shawara ya rage majalisar Asabar, ya gaya wa matarsa gaskiyar albashinsa, ya kuma nemo wata gwaggonta da na ji an ce tana zaune a Sabon Gari ya riƙa kai ta can yini, kafin Allah Ya kawo ranar da za a hau mota zuwa Magami ba tare da fargaba ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba ma'aurata haƙuri da juna, amin.