A Saurari Wanda Aka Cuta Kafin a Yanke Hukunci

A ɗauki misalin manomi a Dugabau, cikin Ƙaramar Hukumar Kabo, wanda aka kwance masa shanun huɗa guda biyu a daren da aka yi ruwan shuka. An kama ɓarawon a kan hanyar Gwarzo, an gurfanar da shi, an kuma tabbatar masa da laifi. Kafin alƙali ya faɗi hukunci, sai a juya ga mai laifin a tambaye shi ko yana da abin cewa. Nan zai ambaci tsohuwar mahaifiyarsa, da ƙananan 'ya'yansa, da cewa wannan ne karonsa na farko. Wannan dama ta neman sassauci tsohuwar al'ada ce a kotunan Nijeriya, kuma ba ta da aibi. Shi kuwa mai shanu yana zaune a bayan kotu. Aikinsa ya ƙare tun ranar da ya ba da shaida, inda aka tambaye shi launin shanun da lokacin da ya farga babu su. Ba wanda ya tambaye shi yadda damina ta wuce shi yana noma da fartanya, ko bashin da ya ci don ya ɗauki hayar garma, ko ɗiyarsa da aka ɗage bikinta. A takardar ƙara ma ba sunansa ne a sama ba, domin ana ɗaukar laifin a matsayin wanda aka yi wa hukuma.

Wannan giɓi ne wasu ƙasashe suka nemi cikewa da abin da za a iya kira jawabin wanda aka cuta, wato bayanin da yake gabatarwa, a rubuce ko da baki, bayan an tabbatar da laifi kuma kafin a yanke hukunci, game da abin da laifin ya jawo wa jikinsa da dukiyarsa da hankalinsa. An faro shi a yankin Fresno na jihar Kalifoniya ta Amurka a 1976. Kotun Ƙolin ƙasar ta hana amfani da shi a shari'un da ke ɗauke da hukuncin kisa a 1987, sannan ta warware wannan matsayi a 1991. Ingila ta shigo da nata tsarin a 2001. Wanda ya fi tsayawa a zukatan Musulmi shi ne na ƙasar New Zealand, inda wani ɗan bindiga ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na birnin Christchurch a watan Maris na 2019. A zaman yanke hukunci na watan Agustan 2020, kimanin mutum 90 daga cikin waɗanda suka tsira da dangin mamata suka yi magana a gabansa. Wasu sun la'ance shi, wasu sun ce sun yafe, kotu kuma ta ɗaure shi rai da rai ba tare da damar fita ba.

Ga ƙasar Hausa, wannan ba baƙon abu ba ne. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan malamai, daga Risala zuwa Muhtasar, ya ba waliyyan jini matsayin da ya zarce na mai jawabi kawai. A kisan ganganci, su ne masu haƙƙin ƙisasi, kuma suna iya yin afuwa. Diyya ma an ƙayyade ta: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000. Sai dai malaman mazhabar ba su sakar wa dangi ragamar gaba ɗaya ba. Idan sun yafe wa mai kisa, duk da haka akwai bulala 100 da ɗaurin shekara guda, domin al'umma ma tana da nata haƙƙin. A kisan gilla kuwa, wato a yaudari mutum a kashe shi don dukiyarsa, afuwar dangi ba ta aiki. Ke nan tun da daɗewa an san cewa wanda aka cuta yana da baki, an kuma san inda bakinsa ya tsaya. Jihar Kano ta dawo da dokar laifuffuka ta Shari'a a shekarar 2000, amma ƙisasi ya shafi rai ne da raunuka. Yawancin abin da ke kai talaka kotu, kamar sata da zamba da ɓarnar gona, ba su shiga wannan babi ba.

Dokar Tarayya ta gudanar da shari'un laifuffuka ta 2015 ta ɗan matsa gaba. Ta ba kotu ikon umartar mai laifi ya biya wanda ya cuta, ta kuma tanadi a ji ta bakin wanda aka cuta idan mai gabatar da ƙara zai yi yarjejeniyar sassauci da wanda ake tuhuma. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2019. To amma ta yaya alƙali zai auna abin da za a biya idan bai ji girman asarar daga mai ita ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Masu adawa da tsarin suna da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Suna cewa hukunci zai koma bin fasahar harshe: wanda ya iya tsara magana ya sa a tsananta wa wanda ya cuce shi, mai nauyin baki kuwa ya tashi a banza, alhali laifin iri ɗaya ne. Wannan matsala ta fi tsanani a nan, saboda yadda Bahaushe yake magana. An tarbiyyantar da shi a kan kunya da kara da dauriya. Mutumin da aka raba da jarinsa, idan babba ya tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce "ba komai" ko "an bar wa Allah". Duk wanda ya tashi cikin harshen ya san cewa a irin wannan wuri "ba komai" na iya ɗauke da komai. Amma idan tafinta ya juya ta zuwa Turanci kalma da kalma, aka rubuta a kundin kotu, sai ta zama shaidar cewa babu wata cuta. Uwar da aka kashe wa ɗan fari ma kunya kan hana ta ambaton sunansa, balle ta tsaya gaban jama'a ta fayyace baƙin cikinta. Haka nan a shari'ar fyaɗe, inda dattawan unguwa kan riga kotu isa gidan da kalmar "a rufa asiri".

Waɗannan dalilai ne na gyara hanyar karɓar jawabin, ba na hana shi ba. A karɓe shi da Hausa, a keɓe, ta hannun ma'aikacin da ya san bambancin haƙuri na gaskiya da na dole, mace kuma ta samu 'yar'uwarta mace. A bar shi zaɓi, kada shirun wani ya zama sauƙi ga mai laifi. A taƙaita shi ga abin da ya faru ga mai magana, yawan shekarun ɗauri kuwa a bar wa alƙali da doka, a kuma ba lauyan mai laifi damar ƙalubalantar duk wani adadin asara da aka ambata.

A ƙauyuka irin su Dugabau da Garo da Getso, malamin makaranta na cikin waɗanda ake kai wa takarda don ya karanta ko ya rubuta. Idan manomin nan ya zo masa, zai fara ne da "ba komai", sai malamin ya ajiye alƙalami ya tambaye shi buhu nawa na dawa ya samu bara, nawa kuma ya samu bana.