Filin Anti: Wai Sai An Kai Ki Birni?



Wasiƙa ce ta zo mini daga wata ɗiyata a ƙasar Ƙiru. An sa ranarta da wani malamin firamare, amma ta kafa masa sharaɗi: ko ya nemi canjin wurin aiki ya kama mata haya a cikin Kano, ko a fasa. Dalilinta? Ƙawarta da aka kai Ɗorayi ta zo gida da sallah tana ta ƙamshi, fata luwai-luwai. "Anti, ni ma ba zan ƙare a ƙauye ba."

To ɗiyata, matso mu yi lissafi. A 2024 gwamnatin Kano ta sa mafi ƙarancin albashi naira 71,000. Raba shi kwana 30, bai kai 2,400 a rana ba. Ki ce nasa ya ɗara haka, na yarda. Amma mai gida a birni kuɗin shekara yake karɓa a dunƙule, ga la'adar dillali. Ruwan da kike ja kyauta a rijiyar gidanku, a unguwanni da yawa sai kin tare ɗan garuwa kin saya jarka-jarka. Gawayi saye, kuka saye, har barkono. An hana acaɓa a birni tun 2013, ko'ina za ki sai A Daidaita Sahu, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin hawa ya zama abin da ya zama. Ranar da Inna ta kwanta ciwo fa? Kuɗin mota daga Unguwa Uku zuwa Kwanar Ɗangora, zuwa da dawowa, daga cikin kuɗin cefane zai fita.

Abin da 'yan mata ba sa gani shi ne rumbu. Malamin da ke zaune Ƙiru ko Bebeji yana da gona bayan albashi. Mutumin Tudun Wada na da shinkafarsa, na Doguwa na da masararsa. Albashi na biyu ke nan, kuma ba ya bin mutum birni. Ni da aka kawo ni Kano amarya, wallahi buhun masarar da Baba ke aiko mana bayan kaka shi ya rufa mana asiri shekara uku, ga ni kuwa da leshi kamar matar Alhaji. Ƙawar taki ma, tambaye ta a keɓe.

Ban ce birni haramun ba ne. In kina da sana'a a hannu, ɗinki ko kitso ko girkin sayarwa, lissafin ya canza, don birni akwai masu saye. Amma ki fasa auren mai sonki saboda kwalta da fitilar titi? Haba ɗiyata!

Ki tura yayanki ya tambayo kuɗin ciki da falo a Sheka ko Na'ibawa, ku zauna da malam ku rubuta komai a takarda, sannan ki sake rubuto mini.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.

Taku, Anti.